Siminti Ya Cinye Mini Yatsa

Jama'a, yau na ga ta kaina. Tun da aka sallame mu daga aiki nake zarya ofishin tallafin marasa aikin yi, kullum sai a ce in dawo. Yau dai sunana ya fito!

Na ɗora babban yatsa, na'ura ta ƙi karɓa. Na goge a riga, ta ƙi. Ma'aikaciyar ta duba hannuna ta ce, "Malam, leburanci kake yi?"

Na ce, "Eh, kafin tallafin ya fito."

Ta ce, "Siminti ya cinye zanen yatsunka. Daina taɓa shi sai sun warke."

Na ce, "Hajiya, yarana su ci me?"

Ta ce, "Na bayansa, matso."

Gobe akwai kwaɓa siminti a Kinkinau. Zan je mana.