Hannun Cindo a bangon ɗakina

Salamu alaikum 'yan gida. Yau da rana tsaka na ga hannun mamaci.

Ɗana Bello ya kai ni Kalmalo in ga gyaran tsohon gidanmu na gona. Magina na kankare yaɓen ɗakina, za su shafa siminti. Sai babbansu ya ce, "Hajiya, taho ki gani."

Ƙarƙashin yaɓen ga sawun tafin yaro a tsohuwar laka, yatsu shida.

Inna lillahi! Cindo ne, ɗan farina da baƙon dauro ya ɗauke yana shekara huɗu. Ranar da anka yi bangon ya danna hannu a ɗanyar ƙasa. Kunyar ɗan fari ba ta taɓa bari na riƙe hannun nan gaban mutane ba.

Na ce, "Bello, a bar mini wurin nan."

Ya ce, "Inna, mi za a bari? Gara ta cinye bangon."

Na ɗora tafina a kai, a hankali. Ƙasar ta zube cikin hannuna. Ga ta na ƙulle a bakin zane, na rasa inda zan aje ta.