Ranar Da Na Cire Hulata A Kan Kwalta

Lokacin da abin nan ya faru, ni tsohon hedimasta ne da ya ajiye alli amma bai ajiye muryar umarni ba. Iyayena daga Barno suka zo, a Fagge aka yanke cibiyata, a wata firamare ta Sabon Gari kuma na ƙarar da ƙarfina ina koyar da 'ya'yan kowa da kowa. Da wuya in ratsa kasuwa ba a rage mini farashi ba, wasu don ƙauna, wasu don tuna bulala. Mu da muka taso a da, mun san idan dattijo ya shiga tsakanin masu faɗa ya cire hularsa, to magana ta ƙare, don babu ɗan halak da zai bar furfura a rana. Na taɓa gwadawa a wata tarzoma ta shekarun baya: na tsaya a bakin wani layi kaina a buɗe, samari masu gorori suka juya, domin rabinsu ni na koya musu baƙi da wasali. Tun daga ranar na ɗauki hular nan tawa, zanna ce, tamkar laya.

Gidan da na tsare a ranar na aminina ne, wani Kirista mutumin kudancin Kaduna, mai gyaran rediyo. Kullum bayan la'asar muna kan benci a ƙofar shagonsa muna dara. Yana ce mini Babarbaren da bai taɓa ganin tafkin Chadi ba, ina ce masa likitan da majinyatansa ke komawa gida da sabuwar cuta. Duk Kirsimeti ni yake aiko wa in je in yanka musu akuya, don kada iyalina su yi ƙyanƙyamin naman. Da Babbar Sallah kuwa cinya tasa ce, ba ya ma jira a kai masa. Babban ɗansa ɗalibina ne, mai yawan ɗaga hannu a aji. Ya girma ya zama gwanin gyaran waya a kasuwar Sabon Gari, da yatsu sirara kamar na mai ɗinkin hula.

Laifin yaron nan a idon wasu masu kaki shi ne gashin dada mai igiya-igiya, da jakar kwamfuta, da sunan da ba na nan ba. Sau da yawa ana sauke shi daga a-daidaita-sahu a bincike wayarsa, a bar sa'anninsa masu jamfa su wuce. Da matasa suka fito zanga-zanga a kan irin wannan cin mutunci, yana sahun gaba. Da safiyar ranar ubansa ya zo gidana ko takalmi bai ɗaura daidai ba, ya roƙe ni in je in dawo masa da shi, tunda maganata yake ji. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na ɗauko babbar riga, na kafa hula, na fita kamar mai zuwa rabon kyaututtukan ƙarshen shekara.

Na iske su a babban titin da ya raba mu da Sabon Gari, riƙe da kwalaye, suna waƙa. Can gaba jami'an tsaro sun yi sahu da garkuwa da kulake, kowa da kwalkwali ya rufe fuska. Yaron ya rugo ya durƙusa, ya ce in koma gida, su ma watsewa za su yi, don sun ga alamar za a harba barkonon tsohuwa, sun kuma riga sun san lungunan da za su bi. Da na bar su sun gudu, da ban rubuto wa mujallar nan wannan wasiƙa ba. Amma malami bai iya ganin yara suna guje-guje ba. Na ɗaga murya irin ta filin taron safe, na ce kowa ya zauna, ba a dukan na zaune. Suka zauna kuwa a kan kwalta, layi-layi, saboda Malam ya faɗa. Na juya na fuskanci masu kaki, na cire hulata.

Na jira in ga wata fuska ta sunkuya, sai na tuna babu fuska ko ɗaya da nake gani. Daga baya na ji cewa daga wani wuri aka kwaso su, ba su san ni ba, ba su san uban kowa ba. Hayaƙi ya fara sauka, sannan sahun ya taho. Na zaune ba ya tashi da sauri. Na ga kulki ya nufo sanƙona, sai wani hannu ya rufe kaina. Na ji ƙarar kamar an taka busasshen kara, aka ƙara, aka kuma ƙarawa, hannun bai janye ba. Hannun dama na ɗan aminina ne.

Asibiti sun yi nasu, mai ɗori ya yi nasa, amma yatsu uku ba su sake lanƙwasawa ba, gyaran waya kuwa aikin yatsu ne. Babu wanda aka tuhuma. Aminina bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba, kuma wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Da suka yanke shawarar komawa garinsu, ya zo sallama da hular a leda, wani mai shayi ne ya tsince ta, matarsa ta wanke. Na fara kame-kamen neman gafara, ya katse ni.

“Malam, mayar da hularka, rana na dukanka. Yaron ya ce ko yau aka sake, zai sa hannun.”

Yanzu shagon ya koma na mai sayar da cajar waya, ya ɗauke bencin don yana tare masa hanya. Duk Kirsimeti nakan wasa wuƙa da sassafe kafin in tuna babu mai aikowa.

Ga 'yan'uwana dattawa, abin da na koya shi ne girma kuɗin unguwa ne, ba ya karɓuwa a hannun wanda bai san ka ba. Kada ka ara wa yaro tabbacin da kai ma ba ka da shi. Idan matasan da suka sha duka suka ce maka lokacin gudu ya yi, a wannan darasi su ne malamai. Masu riƙe da kulki kuwa ku sani, yaran nan da suka zauna ba tsoro ne ya zaunar da su ba, tarbiyya ce, ita kuka daka. Hular tana rataye a ƙusa a ɗakina, ban sake sa ta ba. Idan wannan mujalla ta kai hannun wani mai sana'a da hannun hagu a kudancin Kaduna, ya sani malaminsa ya ga hannun da ya ɗaga, kuma amsarsa ce daidai.