Goggo Rabi da Azumina na Litinin da Alhamis

Shekara tara ke nan da aka kai Goggo Rabi, ƙanwar mahaifina, makwancinta. Amma duk ranar da na bi lungunmu na Ƙofar Kuyambana da la'asar, ƙamshin daddawa ya tsallako katanga, sai in ga kamar tana nan a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, inuwar darbejiya na yawo a kan zaninta, tana cin tuwo a hankali kamar mai sauraron kira daga nesa.

Goggo mace ce mai jiki, kuma ban taɓa jin ta ba wani haƙuri a kan haka ba. In ta ji yunwa ta ci, ko da hantsi ko da azahar. In ta ƙoshi ta ture kwano ta yi hamdala, ko tsokar nama ce ta rage. Takan ce ciki amana ne, ba ya ƙarya, mu ne ba ma saurara. Litinin da Alhamis kuwa ba sa wuce ta ba azumi. Ta sha ruwa da dabino da kunun tsamiya, fuskarta fes.

Ni ma wata huɗu ke nan ina wannan azumin. A ofis har Malama ake ce mini, maƙwabta na sa mini albarka. To, bari in tona wa kaina asiri. Tun da aka yi mini dariya a wani biki a Gyallesu, wai leshi ya matse ni, na sayi sikeli na ɓoye a bayan ƙofa. Talata da Juma'a nake hawa. In allura ta sauka in ji azumi ya karɓu, in ta ƙi in wuni ina jin na yi asara. Wallahi da kunya nake rubuta wannan.

Me Goggo za ta ce da za ta leƙo yau, ta ga shayin rage ƙiba ana tallarsa a waya, ta ga 'yan mata suna ɗaukar hoton abinci suna tsoron ci? Ina 'yar shekara sha biyar na taɓa ƙin abincin rana don ƙawaye na kirana buhu. Ba ta yi mini wa'azi ba. Cewa ta yi, "Ke 'yar nan, wanda ya halicce ki bai yi kuskuren awo ba. Matso ki taya ni, dambun nan ya fi ƙarfina."

Abin da ke damuna ba tumbi ba ne, ibadata ce. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma Mai duba niyya ba a yi masa wayo. Tsoro nake ji a ce wata huɗu ƙishirwa kawai na sha.

Alhamis ɗin da ta wuce ban ɗauka ba. Na aika aka sayo koko da ƙosai, na zauna a tsakar gida ina ci, sai ga maƙwabciyata Hajiya Binta ta yi sallama.

"A'a, Malama, yau ba Alhamis ba ce?"

"Alhamis ce, Hajiya. Yunwa nake ji. Bismillah."

Goggo ba ta bar gida ko gona ba. Abin da ta bari shi ne na san yadda mutum yake idan ya yi sulhu da cikinsa da Ubangijinsa, don na gani da idona. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Ni kuma ba zan sake ɗaukar nafila ba sai ranar da zan iya miƙa ta ga Allah shi kaɗai.