Bidiyon Yaya a Bikin Katun na Hatta

Ana idar da sallar asuba muka kulle ɗakinmu na unguwar Karama a Dubai muka nufi tashar bas. Ni da Yaya ne, babbar yayata, wadda ta zo daga Kano saro abayoyi da turare, kuma ranar Talata jirginta zai tashi ta koma wajen 'ya'yanta uku. Ni shekarata biyu ina aiki a shagon kargo. Asabar ɗin nan ce kaɗai hutuna, kuma tun wata guda na ƙudura zuwa Hatta, wajen bikin katun ɗin Japan da wasannin gem da za a yi a titi. Gaskiya ban so tafiya da ita ba, tafiyarta sanyi gare ta. Amma ba a barin baƙuwa ita kaɗai a ɗaki.

Wani tela a unguwar Satwa ya ɗinka min jar alkyabba mai dogon wuya, na ɗora a kan abaya, na rataya takobin soso. Yaya ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma tashe za ki yi, ba azumi ba?" Na ja hannunta muka yi gaba, kar mu rasa bas.

Hanyar kamar an goge ta da dutsen guga. Dogayen benaye suka ƙare, muka shiga jan rairayi, raƙuma jefi-jefi a bayan shinge, can sai ga duwatsu baƙaƙe ƙirin, ko ciyawa babu a jikinsu. Rabin bas ɗin 'yan biki ne: wani da shuɗin gashi, wata da kunnen kyanwa, wani ya rungumi kan dodo a cinya. Yaya sai salati take yi ƙasa-ƙasa.

Hatta ƙaramin gari ne, ga gonakin dabino, ga iska mai sanyi tana saukowa daga dutse. An rufe titi guda an jera rumfuna da jajayen fitilun takarda. Nan ana sayar da littattafan zane, can samari sun yi layi a gaban manyan alluna suna gasar gem, ana ihu duk lokacin da aka kayar da wani. Shayin karak ɗin da muke sha dirhami ɗaya a Karama, nan biyar ne, kofin ma ya fi ƙanƙanta. Na saya mana wasu ƙwallaye masu zafi, Yaya ta ɗauka fanke ne. Ta cinye uku kafin na gaya mata naman wata halittar teku ce mai hannuwa takwas a ciki. Ta bi ni da harara ta kuskure baki.

Abin da ban gaya mata ba shi ne ka'idar wajen. Ko wanda ya yi shigar dodo don a kalle shi, sai ka tambaye shi kafin ka ɗaga waya. A ƙasar nan kuma, ɗaukar mutum hoto ba da izininsa ba magana ce ta 'yan sanda, balle mace. Na saba da hakan har na manta akwai wanda bai sani ba. Yaya kuwa ta saba da bikin gida, inda kowa yake ɗaukar kowa.

Bayan azahar na shiga layin gem na bar ta a inuwa. Ko minti goma ban yi ba na ji muryarta tana kiran sunana. Na juyo na ga wata Balarabiya cikin niƙabi ta tare ta, ga mai gadi da rediyo a hannu. A bayansu wata budurwa ce da ba za ta wuce sha biyar ba, cikin shigar jarumar katun, tana kuka. Ashe yarinyar ta cire hular shigarta don ta gyara ɗankwali, gashinta a buɗe, Yaya kuma tana zagayawa da waya ta ɗauke ta tsaf. Uwar ce ta gani.

Mai gadin ya yi min bayani da Turanci, ba hayaniya. Ko a goge yanzu uwar ta gamsu, ko ya kira 'yan sanda. Na san idan aka buɗe fayil, Yaya ba za ta hau jirgin Talata ba.

Na ce, "Yaya, kin tura wa wani?"

Ta ce, "Gurup ɗin gida kawai."

Kawai! Na fizge wayar, na goge na cikin hotunanta, na shiga gurup na danna gogewa. Garin sauri na taɓa ta "goge a wajena" maimakon "goge wa kowa". Bidiyon ya ɓace daga wayar Yaya, amma yana nan zaune a wayar duk danginmu, kuma ita ba ta da sauran ikon cire shi. Matar ta ce in nuna tawa wayar. Na nuna. Ga 'yarta nan. Ta ce da mai gadi, "Khalas, kira su."

Na roƙe ta da guntun Larabcina da Turanci har da hannu, na ce ta ba ni minti goma. Mutum ɗaya ne zai iya goge wa kowa, admin ɗin gurup, wato Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda yake riƙe waya nesa da fuska yana karatu da yatsa. Na duba agogo: a Kano hantsi ne, Asabar, lokacin ɗaurin aure. Na kira sau huɗu, ba a ɗauka ba. Mutane sun fara taruwa, wani mai kan dodo ya tsaya yana kallonmu. A kira na biyar Kawu ya ɗauka, ina jin maroƙi a bayansa.

"A'a, uwata! Ya Dubai?"

"Lafiya lau, Kawu, ina wuni. Kawu, don Allah..."

"Ya aiki? Ya zafi? Ya baƙuwarki, ta gama sayayya?"

Duk wanda ya san ni ya san ba na iya jiran mutum ya ƙarasa magana. Amma ka katse wa Kawu gaisuwa, sai ya ce ba ka da kunya ya kashe waya, kuma ba zai sake ɗauka ba ranar. Na tsaya ina "lafiya lau, alhamdulillahi", gumi na bin bayana a ƙarƙashin alkyabba, mai gadi yana kallon agogo. Sai da ya tambayi har mai shagonmu, sannan na samu na faɗa masa.

Ya ce, "To, ina zan taɓa?"

"Ka danna bidiyon ka riƙe, Kawu."

"Na danna, ya fara wasa. Kai, wannan wane irin mutane ne haka?"

"Riƙewa za ka yi, kar ka saki! Sai ka taɓa kwandon shara. Ka zaɓi ta sama, Kawu, don girman Allah ta sama, wadda ta ce kowa."

Na riƙe wayata a gaban matar, ni da ita muna kallon allo ɗaya. Can sai bidiyon ya ɓace, ɗan rubutu ya fito cewa admin ya goge. Ta karɓi wayar Yaya ta bincika hotuna ɗaya bayan ɗaya, har ma'ajiyar abin da aka goge. Ta tambaya ko wani ya tura gaba. Na ce ban sani ba, ba zan yi mata ƙarya ba, amma yanzu zan rubuta musu. Na rubuta a gabanta, na fassara mata. Ta daɗe tana kallon Yaya, wadda hawaye ya riga ya jiƙa mata mayafi. Yaya ta dafa ƙirji ta ce da Hausa, "Wallahi nima ina da 'ya kamarta." Ban fassara ba. Matar ta ja hannun 'yarta, ta ce da mai gadi, "Yalla, bar su."

Ban koma layin gem ba. Bas ɗin la'asar muka hau. Wajen rairayi Yaya ta ce, "Da kin gaya min." Gaskiya ta faɗa.

Mun iso Karama ana kiran magariba. Abin da na koyo ba shi da yawa. Duk baƙon da ya zo min daga gida, tun a filin jirgi zan zaunar da shi in yi masa bayanin waya kafin ya sha ruwa. Kuma ni da nake zagin mutane da sanyin jiki, yatsana ne ya kusa kwanar da yayata a hannun 'yan sanda. Ranar Talata na raka ta har ƙofar shiga filin jirgi, na tsaya a wajen sai da ta turo min saƙo cewa ta zauna a kujerarta.