Baba Kwaɗo da buhun ragarsa

Ƙarfe bakwai na safe, lokacin da mu 'yan ofishin tashar jiragen ruwa muke cigiyar wanda ya ɗauke mana kujera, Baba Kwaɗo ya riga ya goya tukunyar iska ya nutse. Aikinsa kankare ƙasan jirgi. Gansakuka da ƙananan halittu kan manne a wurin su yi wa jirgi nauyi, sai ya yi ta shan mai yana turnuƙe sama da hayaƙi. In Baba ya kankare, tafiya ta yi sauƙi, hayaƙi ya ragu. Shekara ashirin da shida ke nan.

Sauran masu nutso kankarewa suke yi su bar dattin a ruwa. Shi kuwa da buhun raga yake sauka, ya tattaro komai ya fito da shi, don fentin jirgin da ke kankarowa akwai guba, halittun kuma baƙi ne daga wani teku, in suka samu wurin zama sai su kori kifin gida. Aikin awa uku sai ya ci shida. Manaja ya raɗa masa suna mai nawa, sau uku ana tsallake shi a ƙarin girma. Mai tuƙa injin ɗaga kaya ya ce a gabansa wani kyaftin ɗin jirgi ya zazzaga wa Baba faɗa kan ɓata lokaci. Baba ya bari ya gama, ya ce, "Ranka ya daɗe, kai gobe za ka tafi. Jikokina kifin nan za su ci."

Bara kamfani ya karɓi lambar yabo ta kare muhalli. Ni na rubuta rahoton, shafi arba'in. Sunan manaja ya fito sau goma sha ɗaya, har da hoton bishiyar da muka dasa, wadda ta bushe bayan sati biyu. Layi ɗaya na ba Baba, aka ce in cire. Ni kuwa mutum ne mai biyayya, musamman in na tuna sanyin ofishina.

Kai ne ka sha sanyin ruwa har ya taɓa maka kunne, Baba, mu muka sha tafi. Mun gode, ko da yake godiyar irinmu ba ta da tsada.

Makon jiya ya ajiye aiki. Wanda zai gaje shi ya tambayi manaja ko sai da buhu, aka ce masa ba dole ba ne. Ɗan'uwa magajin Baba, gaskiya manaja ya faɗa maka. In ka ɗauka za a kira ka mai nawa, za a tsallake ka, wani irina zai cire sunanka daga rahoto. Duk da haka ka ɗauka.