Tankar da Ma'azu Ya Ƙera wa Inna

A Wurno in ka ce kana neman Ma'azu maƙeri, sai an tambaye ka wanne, don ba shi kaɗai ke da sunan ba. In ka ce Ma'azu Tanka kuwa, ko baƙon da ya zo cin kasuwa zai nuna maka zauren. Sunan ya bi shi har kabari, shi kuma bai taɓa nuna yana so ko ba ya so ba.

Maƙerin fari ne, ɗan gado. Aikinsa garwar kananzir: ya fasa ta, ya miƙe ta, ya fitar da fitilar aci-balbal, da mazurari, da gwangwanin awon mai. Mutum ne mai nauyin baki, irin wanda za ka gaishe shi da safe ya amsa maka da hantsi. Ƙanensa Shittu kuwa ko bango ya samu sai ya ja shi da hira. Uwarsu Husainatu, wadda kowa ke kira Inna, ba ta faɗin sunan Ma'azu saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce "kai" ko "wancan". Sunan Shittu kuwa, da yake auta ne, a bakinta yake kwana.

Da yaƙin Hitila ya yi zafi aka zo ɗibar soja, aka tafi da su biyun. Aka kai su ƙasar Bama. Ma'azu aka ba shi bindiga, Shittu aka sa shi cikin masu dakon kaya a ka. Wata rana ana ruwa, suna hawan wani tudu mai laka, tankar yaƙi ta ɓangarensu tana gaba, masu dako na biye. Ƙasa ta zame, tankar ta sulalo da baya. Shittu na ɗauke da akwati a ka, bai ma samu ya kauce ba. Ma'azu na tsaye a gefen hanya, a kan idonsa aka yi. Shi da 'yan uwansa sojoji suka yi masa salla suka rufe shi a gindin tudun.

Bayan an gama yaƙi Ma'azu ya dawo shi kaɗai, ya tarar idon Inna ya rufe gaba ɗaya. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya faɗa mata yadda aka yi, bai ƙara ba bai rage ba. Ta saurara har ya kai aya.

Ta ce, "Mi kac ce yat taka shi?"

Ya ce, "Tanka, Inna. Ɗaki na na ƙarhe, shina tahiya bisa sarƙa."

"Ɗaki shina tahiya. To. Kunka rufe shi, ina kunka sa shi duba?"

"Alƙibla, Inna. Can ƙasar mahwaɗar rana aka duba in za a salla."

Nan ya ɓata rawarsa da tsalle. Gaskiya ya faɗa, don Makka na yamma da ƙasar Bama, amma Inna tun da aka haife ta gabas ta san ana fuskanta. Mutumin da ya ce ɗaki na tafiya, ya kuma ce ya yi shekaru yana ba gabas baya yana salla, ai ba sai an tambaya ba, ƙasar ta taɓa masa kai. Ta ce a jiƙa masa rubutu ya sha. Zancen Shittu kuwa, ta ce ɗanta na hanya, jirgi ne bai ɗauko shi ba tukuna.

Liman ya zo ya yi mata bayani, ta ce ta gode. Aka ce a yi sadakar mamaci, ta hana. Kullum da yamma sai an zuba tuwo a akushin Shittu an rufe da faifai, da safe a ba kaji. Mai zubawar ita ce Atika, matar Shittu, wadda 'yar ƙanen Inna ce, a hannunta ta girma. Malamai sun ce mata takabarta ta riga ta wuce, tana iya komawa gidansu a Rabah ta yi aure. Ta ce ba za ta sa ƙafa ta fita ba muddin tsohuwa na jiran mijinta. Haka ta zauna, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba.

Wata rana Ma'azu ya sake ɗauko zancen, Inna ta katse shi. Ta ce, "Ni ban ganin komi sai da hannu. Kawo min abin ga in taɓa, in akwai shi."

Ta faɗa ne don ta rufe masa baki. Shi kuwa ya ɗauke ta da gaske.

Ya ware garwa mafi kauri ya fara. Ya san tankar ciki da waje, don ya sha fakewa a jikinta. Sai ya yi mata awo a kansa: abin da yake kamu guda a can, a nan ya zama faɗin yatsa. Ya yanka jikin da almakashi, ya liƙe da dalma, ya goge da magagari. Hular da ke bisa ya yi ta tana juyawa. Bakin igwar ya samo daga ƙarfen wata tsohuwar laima. Ƙafafun suka ba shi wuya, har ya lura anini mai huda a tsakiya daidai yake da awon, ya jera su gefe da gefe a kan waya. Sarƙar ce ta ci masa rani guda, ƙwaya ƙwaya yake naɗe ta, kowacce ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Masu kawo gyaran fitila suka gaji da sintiri suka koma wurin wani. Da ya gama, abu ya fito kamar girman akushi, in ka tura shi a ƙasa sai ya tafi yana ƙara kacau-kacau.

A nan ya kamata ya ɗauka ya shiga gida, taku kaɗan ne daga zaure zuwa ɗakin Inna. Sai ya ce ai saura launi.

Ya tafi Goronyo ran kasuwa, ya samu wani direban babbar mota, Ɗanasabe, ya sam masa koren fenti a ɗan gwangwani. Ya shafa, ya duba, ya ce wannan koren ganyen albasa ne, tanka ba haka take ba. Ya kankare. Ya gauraya da toka, ya yi fari da yawa. Ya sa kunkunniyar ɗakin girki, ya yi duhu. Ya ƙara jar ƙasa, ya sirka da man gyaɗa don fentin ya fara daskarewa. Da gashin kaza yake shafawa, yana bin kowane lungu. Har lakar da ke manne a sarƙa sai da ya kwaikwaya, ya ɗebo ta gulbi ya ce ba irinta ba ce.

Matarsa Larai ta leƙo zaure wata rana ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, "Malam, wai wa za shi ganin launin ga? Inna ta?"

Ya ci gaba da shafa fentinsa. Ya san gaskiyarta. Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Muddin fenti bai yi daidai ba, Inna na da ɗa a hanya, kuma ba shi ne zai sa mata mutuwarsa a tafin hannu ba.

Atika ce ta kawo ƙarshen abin. Ba ta saba shiga maƙera ba, amma ran nan ta zo bakin ƙofa da akushin a hannu, ta durƙusa. Ta ce, "Yaya, ni ka wanke akushin ga kullum. Na gaji." Ta tashi ta koma ciki.

Da la'asar ya ɗauki tankar ya kai. Inna na zaune a tabarma a inuwar ɗaki, ya ajiye a gabanta ya kama hannunta ya ɗora. Ta shafa sama, ta juya hular, ta bi bakin igwar har ƙarshe, ta lalubi sarƙar. Sai ta ɗaga abin da hannu ɗaya ta jinjina, ta yi dariya.

Ta ce, "Wanga? Wanga ɗan gwangwani na yat taka Shittu, mai ɗaukar buhun gero shi kaɗai? Kai, Allah shi ba ka lahiya."

Ma'azu ya yi sororo. Ya yi tunanin komai, har lakar gulbi, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa macen da ba ta taɓa ganin ƙaramin kwaikwayon wani abu ba za ta ɗauka iyakar girmansa ke nan. Da ya ƙera ɗan mutum ya tsayar a gefe, da ta gane. To amma a gidansu ba a ƙera siffar mai rai, tun kaka da kakanni, shi ma bai ko yi shawarar yi ba.

Ya duba gefe, ya ga karan dawa a jikin danga. Ya karyo ɗan guntu, ya auna shi da yatsunsa yadda ya auna tankar, ya gutsure abin da ya yi saura. Tsawonsa bai wuce yatsa guda ba. Ya tsayar da shi a bayan tankar, ya kamo hannun Inna ya kai.

Ya ce, "Inna, ga Shittu. Hakan ga tsawonshi ya ke in ya tsaya kusa da ita."

Dariyar ta ɗauke. Ta riƙe karan da yatsu biyu, ta kai ɗaya hannun kan tankar. Ta auna kansa da bisan sarƙar, ta ga da kaɗan ya ɗara ta. Ta hau da yatsa har ƙolin hular, ta sauko ta sake samun karan. Ta daɗe tana wannan hawa da sauka.

Ta ce, "Baya ya ba ta ko gaba?"

"Gaba, Inna. Kaya na bisa kainai, shina duban ƙasa."

Ma'azu ya sa hannu zai turo tankar baya ya nuna mata yadda aka yi. Ta rigaye shi, ta fizge karan ta damƙe a tafinta. Fentin bai bushe ba saboda man gyaɗar, duk ya ɓata mata hannu, ita ba ta sani ba. Ta jawo haɓar zanenta ta ƙulle karan a ciki, ƙulli mai kyau, irin wanda take yi wa goro.

Ta ce, "Ɗauke abinka, Ma'azu."

Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai yau. Ya ɗauka ya miƙe. Lokacin Atika ta fito daga ɗakin girki da akushin da mara a hannu, za ta kwashe tuwon yamma. Inna ta ji motsin faifai, ta juya fuska wajen.

Ta ce, "Atika, ɗiyata, kihe shi. A gaya ma Liman gobe shi zo."