Mai Wanke Kofunan Jibi

Goggona, yayar babana, ta yi shekara ashirin da shida tana wanke kofunan Jibin Ubangiji a cocinmu, wato kofunan da ake shan ruwan inabi da su don tunawa da mutuwar Yesu. 'Yan ƙananan kofuna ne na gilashi, kowanne bai fi babban yatsa ba, guda ɗari biyu da arba'in. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata takan shiga ɗan ɗakin da ke bayan mumbari, inda ake ajiye tsintsiya da karyayyun bencina, ta zuba ruwan ɗumi a roba, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta goge da farin ƙyalle, ta ɗaga kowanne wajen taga ta duba. Da safiyar Lahadi ta cika su da ruwan inabi. Bayan an tashi sujada ta sake wankewa, sai kowa ya watse take fitowa.

A duk shekarun nan ba ta taɓa shan ko ɗaya ba. In farantin kofunan ya iso layinta, sai ta miƙa wa na kusa da ita ta sunkuyar da kai. Fastoci huɗu sun zo sun tafi, kowanne ya tambaye ta dalili, amsa ɗaya take ba su: "Da saura tukuna." Har aka gaji aka ƙyale ta.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi zama a hanya da gida, ya kuma daɗe da rasuwa. Tun yana da rai ta yi jinyar uwarsa shekara tara, tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ita ke juya ta, ita ke mata wanka, ita ke kwashe abin da ya fita. Har yau in ana maganar haƙuri, da ita ake ba da misali.

Bana ƙungiyar mata ta sayo kofunan roba, irin na sha-ka-yar. Aka kira Goggo gaban jama'a, aka ba ta zane, shugabar mata ta ce, "Mama, daga yau kin huta." Aka tafa mata. Ta karɓa da hannu biyu ta koma ta zauna.

Da Asabar ɗin wanki ta zagayo, ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta nufi shagon babana, inda yake gyaran keken ɗinki. Abin da ya gudana a can, daga bakinsu su biyu na ji shi daga baya. Ta ture wani kan keke gefe ta zauna a benci.

"Auta, sun kore ni."

"Wa ya isa ya kore ki, Yaya? Hutu aka ba ki. Ni da za a ba ni irinsa, da rawa zan yi."

"Da wannan gwiwar taka?"

Baba ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta jima tana kallon mashina suna wucewa a titi, sannan ta faɗa masa abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da surukarta ta rasu, sau uku ta wanke zanen gado kafin yamma. Ta fito ta zauna a bakin ƙofa, bayanta kamar zai tsinke, sai tsohuwa ta fara kiranta.

"Na ji ta sarai, Auta. Na ce wa Allah, in kana ji na ka ɗauke ta, ni na gaji. Ban tashi ba. Ta kira, ta kira, ta yi shiru. Da na shiga, ta riga ta tafi. A wajen jana'iza ana ta sa mini albarka, ni kuwa na san akwai magana tsakanina da Allah. Shi ya sa na roƙi aikin kofunan nan. Na ce bari in yi ta wanke masa, ko wata rana zai huce in sami fuskar zama a teburinsa. Yanzu sun karɓe. Da me zan je masa?"

Baba ya ajiye kwalbar man da ke hannunsa ya goge yatsunsa.

"Ba zan ce miki ba komai ba ne, tunda ke kika ji kiran. Amma kin ɗauki maganar a baibai, Yaya. Kina nan kina shirin zuwa ba shi haƙuri, shi kuwa tuni ya riga ki tasowa. Shi muka yi wa laifi, shi kuma ya tako ya same mu. Yesu bai jira mun gyaru ba kafin ya hau gicciye, muna cikin gaba da Allah ya je ya kashe gabar. Abin da kike zubawa a kofunan nan ai shaida ce cewa an riga an shirya. Kin raba wa gari guda, ke kaɗai kika ƙi karɓa."

"Wa'azi za ka yi mini, kai da na goya kana mini fitsari a baya?"

"To ga shi, ko ke ba ki jira na daina ba kika goya ni."

Ta harare shi. Can ta ce, a hankali, "Tsohuwar fa? Ita ba ni da hanyar ba ta haƙuri."

"Wannan kam ban san amsarsa ba," in ji Baba. "Na dai san tana hannun wanda ya ji ku duka biyu a ranar."

Ta tashi ta gyara ɗankwalinta, ta ce masa ya share shagon nan ya yi datti, ta fita.

Washegari faranti ya iso layinta. Ta riƙe shi ya daɗe, har dattijon da ke rabawa ya tsaya yana jira, na kusa da ita ya miƙo hannu kamar yadda ya saba. Ta ɗauki kofi ɗaya, sannan ta ba shi farantin. Da fasto ya ce a sha, ta sha tare da kowa.

Bayan sujada ba ta tsaya gaishe-gaishe ba. Ta biyo mu gida ta ce bayanta na ciwo, ta hau gadon mamana da rana tsaka, ko abinci ba ta jira ba. Mama ta leƙa sau biyu, ta dawo ta kashe rediyo, ta ce kada wanda ya buga ƙofa. Goggo ba ta farka ba sai wajen ƙarfe biyar.